Uwa Biyu, Rana Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi kan Ranar Iyaye Mata a Gidajen Riƙo

Akwai gidajen da Ranar Iyaye Mata ke shiga da fuska biyu, ɗaya ta barka, ɗaya ta jaje. Galibi gidaje ne da yaron da ke cikinsu wata mace ce ta haife shi, wata kuma take tashi da tsakar dare idan zazzaɓi ya rufe shi. Wannan shafi na mutanen irin waɗannan gidaje ne: uwayen riƙo, matan da suka haihu amma 'ya'yan ba sa hannunsu, waɗanda suka girma tsakanin uwa biyu, da malamai da dangi masu son faɗar kalma mai daɗi amma suna tsoron fama miki.

Riƙon dindindin shi ne wanda kotu ko hukuma ta damƙa yaro ga wani gida, ya zama can zai girma. Riƙon wucin gadi kuwa amana ce ta ɗan lokaci, kafin a ga ko yaron zai koma gidansu. "Mahaifiya" a nan ita ce wadda ta haifa, "uwar riƙo" kuma mai rainon.

Na daɗe ina roƙon Allah ya ba ni ɗa a hannuna. Ya ba ni. Me ya sa ranar take zo mini da ƙunci?

Domin kin san yadda aka yi ya zo hannunki. Babu yaron da ke shiga riƙo sai wani abu ya karye tukuna: mutuwa, talauci, ciwo, shaye-shaye, ɗauri, ko ciki da aka yi ba tare da mai tsaya wa yarinya ba. Ranar da kika fi kowace rana farin ciki, ranar da aka miƙo miki shi, ita ce ranar da wata mace ta koma gida hannu wofi. Duk uwar riƙon da ke da zuciya tana sane da wannan, ko ba ta faɗa ba. A sauran kwanakin shekara hidima tana danne tunanin, ga makaranta, ga wanki, ga asibiti. Amma ranar da duniya ta tsaya tana cewa "uwa, uwa", tunanin yakan taso ya zauna kusa da ke.

Ƙuncin nan ba butulci ba ne, kuma bai rage komai daga son da kike wa yaron ba. Ni a ganina ma, uwar riƙon da ke jin wannan nauyi ta fi kusa da fahimtar ɗanta, don abin da take ji sau ɗaya a shekara shi yake ɗauke da shi kullum.

Wa ya ƙirƙiro ranar nan? Sai in ga kamar ba a yi ta domin irin gidanmu ba.

Tarihinta zai iya ba ki mamaki, don daga makoki ta fito. Wata ba'amurkiya mai suna Anna Jarvis ce ta assasa ta bayan rasuwar mahaifiyarta a 1905. An yi taron farko ranar 10 ga Mayu, 1908, a wani coci da ke Grafton a jihar West Virginia, kuma taron tunawa da mamaciya ne. Ita mahaifiyar tata, Ann Reeves Jarvis, ta haifi 'ya'ya fiye da goma, huɗu ne kawai suka girma. A 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya ayyana Lahadi ta biyu a watan Mayu a matsayin ranar ƙasa. Anna kanta ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da yadda masu sayar da kati da furanni suka mayar da ranar kasuwa, har ta rasu a 1948.

Saboda haka ranar da aka fara da hawayen 'yar da ta rasa uwa, domin uwar da ta binne yawancin 'ya'yanta, ba za a ce baƙin ciki baƙo ne a cikinta ba. Tallace-tallace ne suka share shi daga hoton.

Kwanan watan ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Ingila tana yin tata a Lahadi ta huɗu ta azumin Kirista, Masar kuma tun 1956 take yi ranar 21 ga Maris, ƙasashen Larabawa da dama suka bi ta. A zamanin intanet wannan yana nufin mace na iya cin karo da ranar sau biyu ko uku a shekara ɗaya, ba tare da ta shirya ba.

Duk shekara idan ranar ta matso, yarona sai ya birkice: faɗa, ƙin cin abinci, har fitsarin kwance. Me ke faruwa?

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ɗan shekara bakwai ba zai iya zama ya ce miki "ina tunanin wadda ta haife ni, kuma ina tsoron idan na faɗa ranki zai ɓaci" ba. Abin da baki ya kasa, jiki ne ke faɗa. Wani ya yi ta neman rigima, wani ya yi shiru kamar ba ya gidan, wani ya yaga katin da ya wuni yana yi miki. Wani kuma, wanda ya fi ban tausayi, sai ya zama yaron kirki fiye da kima, yana ta hidima don kada a mayar da shi.

Masanin halayyar yara David Brodzinsky, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda yara ke fahimtar riƙo, ya nuna cewa ƙananan yara sukan maimaita labarin zuwansu gida da murna ba tare da sun gane zurfinsa ba. Sai wajen shekara shida zuwa bakwai hankalinsu ke kaiwa ga ɗaya gefen: kafin a karɓe ni, ashe sai da wata ta rabu da ni. Shi ya sa iyaye da yawa ke cewa "da can ba ya haka". Da can bai gane ba ne.

Akwai kuma abin da Pauline Boss, wata malamar jami'a a Minnesota, ta bayyana tun shekarun 1970: rashi marar tabbas, wato ka rasa mutum alhali bai mutu ba. Mamaci ana yi masa jana'iza, a yi zaman makoki, a san an rufe babi. Mahaifiyar ɗan riƙo kuwa sau da yawa tana raye a wani wuri. Tana tunanina? Ta sake haihuwa? Za ta zo? Tambayoyin ba su da kabari, don haka ba sa kwanciya.

Abin da ke taimakawa shi ne ki riga shi. Mako guda kafin ranar, lokacin da hannuwanku ke cikin wani aiki, ba ido cikin ido ba, ki ce: "Ranar Iyaye Mata ta kusa. Wasu yaran sukan tuna da wadda ta haife su a irin wannan lokaci. Idan kai ma ka tuna, ba laifi, ni ma ina tuna ta." Daga nan ki yi shiru. Mai yiwuwa ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Ya ji.

Amma tun yana ɗan kwana uku yake hannuna. Yaya zai yi kewar wadda bai sani ba?

Bai san fuskarta ba, amma yana ganin tata a madubi. Idan likita ya tambayi ko akwai mai ciwon sukari a dangi, ita ake nufi. Idan aka ce wane ya ɗebo hancin babansa, shi ya san nasa hancin akwai inda ya ɗebo shi. Ana iya kewar mutum, ana kuma iya kewar amsa. Wasu yaran ba sa damuwa sosai, kuma wannan ma daidai ne. Kada a matsa wa yaro ya yi baƙin cikin da ba ya ji. A dai bar ƙofa a buɗe.

Idan na riƙa ambaton mahaifiyarsa, ba tone masa ciwo nake yi ba? Ba gara a bar kaza cikin gashinta ba?

An gwada shirun, shekara da shekaru, kuma an ga abin da ya haifar. A tsakiyar ƙarni na 20 ƙasashe da yawa sun rufe takardun haihuwar 'ya'yan riƙo, aka shawarci iyaye su yi kamar su suka haifa. Yaran suka girma, da yawa suka ji gaskiya daga bakin maƙwabci, ko a tsakiyar faɗa, ko cikin wata takarda bayan iyayen sun rasu. Abin da ya fi yi musu ciwo sau da yawa shi ne ɓoyewar, fiye da riƙon kansa. Wani masani a Kanada, H. David Kirk, wanda shi ma uban riƙo ne, ya nuna tun 1964 cewa gidajen da suka yarda a fili cewa hanyarsu ta bambanta da ta masu haihuwa sun fi samun fahimtar juna da 'ya'yansu. Dokoki ma sun juyo: a Ingila da Wales, dokar yara ta 1975 ta ba wanda ya girma a riƙon dindindin damar ganin takardar haihuwarsa ta asali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta ce yaro yana da haƙƙin sanin iyayensa gwargwadon yadda zai yiwu, kuma sashe na 20 ya jera riƙon wucin gadi, da kafala ta shari'ar Musulunci, da riƙon dindindin a matsayin hanyoyin kula da yaron da ya rasa gidansu. Kafala kuwa tun asali a kan haka aka gina ta: ka raini yaro, ka so shi, amma kada ka shafe nasabarsa.

Labarin Annabi Musa ma, wanda Musulmi da Kirista da Yahudu duk suka sani, na yaro ne mai uwa biyu. Ɗaya ta sa shi cikin kogi don ta tsirar da ransa, zuciyarta ta wayi gari fayau. Ɗaya ta tsince shi a gidan sarauta ta so shi. Ba a goge ko ɗaya daga labarin ba.

Yaro yana karantar shirun manya. Idan ba a taɓa ambaton mahaifiyarsa ba, abin da yake fahimta shi ne batun haramun ne, ko ita mummuna ce, ko tunaninta cin amanarki ne. Sai ya ci gaba da tunanin, amma shi kaɗai.

To idan mahaifiyar ce ta cutar da shi fa? Ni na ga tabon a jikinsa. Ita zan girmama?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya a shafin nan, kuma ba zan ce miki ki daina jin haushi ba. Ke kika yi jinyar abin da aka yi masa. Amma ki tuna yaron yana ganin rabinsa ita ce. Idan aka kira ta muguwa a gabansa, tambayar da zai kwana da ita ita ce: to ni ɗan muguwa, mene ne ni?

Ba a ce ki yi ƙarya ba, kuma ba a ce ki yi ado wa abin da ya faru ba. Akwai hanyar da ke tsakani: a faɗi aikin da sunansa, a bar mutuncin mai aikin. "Ba ta iya kula da kai yadda ya kamata ba, abin da ya same ka ba daidai ba ne, kuma ba laifinka ba ne. Ita ce ta haife ka, kuma wannan muryar taka mai daɗi daga wajenta ka samo." Ana ƙara bayani gwargwadon shekarunsa, ta yadda abin da aka gaya masa yana ɗan biyar ba zai ƙaryata abin da zai ji yana ɗan sha biyar ba.

Yaro na iya son uwar da ta cutar da shi, yana tsoronta, yana kewarta, duk a yini ɗaya. Wani kuma ba ya son a ambace ta sam, kuma haƙƙinsa ne. Haushinki ki kai wa mijinki, ko aminiyarki, ko mai ba da shawara. Kada yaron ya zama shi ne mai ɗaukar miki shi.

Riƙon wucin gadi nake yi. Ranar ta shafe ni kuwa? Ina da haƙƙin a ce mini uwa?

Aikin uwa kike yi, kuma mai wuyarsa: ki so yaro da dukan zuciya alhali kin san ana iya buga waya gobe a ce a haɗa masa kayansa. A Amurka, inda watan Mayu kansa shi ne watan tunawa da riƙon wucin gadi, kusan rabin yaran da ke fita daga irin wannan riƙo wurin iyayensu suke komawa, kuma manufar tsarin ke nan tun farko. Saboda haka ranar ta shafe ki, amma a matsayin mai riƙe wa wata wurinta.

Batun suna kuwa, a bar wa yaron. Wani zai kira ki Mama a mako na farko saboda yunwar kalmar, wani zai shekara uku yana ce miki Anti. Kada ki nema, kada ki hana, sai dai idan ma'aikaciyar walwalar da ke kula da shari'arsa ta ba da wata shawara. Idan akwai ziyara da aka tsara kusa da ranar, ki taimaka masa ya shirya wa mahaifiyarsa wani abu: zane, hotonsa na kwanan nan, takardar sakamakon makaranta. Ki kuma shirya wa abin da ka iya biyo baya, don wani lokaci mahaifiyar ba ta zuwa, yaron ya dawo da kyautar a hannu. A irin wannan yammaci ba dogon bayani yake bukata ba. Ki zauna kusa da shi, ki adana kyautar a wuri mai kyau, ki ce za a kai mata.

Ya yi wa mahaifiyarsa kati mai kyau, ni ko barka bai ce mini ba. Na ji kishi, na kuma ji kunyar kishin.

Kishi kumallon mata aka ce, amma wannan na kowane ɗan Adam ne. Ke ce kika yi wahalar, wata ta samu zanen fure. Sai dai ki duba wannan: yaro yakan yi wa wadda yake tsoron rasawa hidima, ya yi sakaci da wadda ya tabbata tana nan. Sau da yawa rashin katin shaida ce cewa ya sakankance da ke. Na san wannan ba ya share hawaye a ranar, amma gaskiya ne.

A nan ne miji da manyan gida ke da aiki. Kada a ɗora wa yaron nauyin faranta ran uwar riƙo. Maigida, kai ne za ka ce mata sannu da ƙoƙari, ka karɓe mata hidimar yinin, ka nuna mata an ga abin da take yi. Yaro mai rauni a zuciya ba shi da abin biyan wannan bashi tukuna.

Ni ce wadda ta haifa. Ɗana yana hannun wasu. Idan aka ce iyaye mata su miƙe, in miƙe?

'Yar'uwa, ke uwa ce. Cikin wata tara da naƙuda ba sa goguwa da sa hannu a takarda. Ko ki miƙe ko ki zauna, ke za ki zaɓa, kuma duk wanda kika yi ba ƙarya kika yi ba.

Abin da kike ɗauke da shi masana sun san shi. Kenneth Doka ya rubuta a 1989 kan baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi izinin yi ba: babu mai zuwa ta'aziyya, babu mai tambayar ya haƙuri, wani lokaci ma ba wanda ya san an yi rashin. Saboda wannan ne wasu mata irinki a Seattle ta Amurka suka ware Asabar ɗin jajibirin Ranar Iyaye Mata, tun 1990, domin matan da suka haihu amma 'ya'yansu ke riƙon dindindin. Wasu sun sami sanyi a cikinta. Wasu sun ƙi ta, suka ce ware musu rana dabam tamkar cewa ne ba su cancanci Lahadin ba. Duka biyun suna da hujja.

Ga wadda aka tilasta wa rabuwa da ɗanta kuwa, duniya ta fara amsa laifinta, ko da a makare. Ranar 21 ga Maris, 2013, Firayim Ministar Ostareliya Julia Gillard ta nemi gafarar matan da aka ƙwace wa jarirai a shekarun baya saboda ba su da aure. Gwamnatin Ireland ta yi haka a Janairun 2021, ta Scotland kuma a Maris 2023. Yawancin matan sun tsufa kafin su ji wannan kalma, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Idan hanya a buɗe take, saƙo gajere ya isa, wanda ba ya neman komai daga yaron. Idan a rufe take, wasu matan sukan rubuta wasiƙa duk shekara su ajiye. Akwai 'ya'yan da suka girma suka karanta irin waɗannan wasiƙu, tari guda.

Ba zai rikice ba idan yana hulɗa da mu duka biyu?

Binciken da Harold Grotevant da Ruth McRoy suka fara a tsakiyar shekarun 1980, inda suka bi gidajen riƙo 190 da mahaifa mata 169 tsawon shekaru, ya nuna cewa yaran da ke da hulɗa da mahaifansu ba su rikice game da wane ne mai rainonsu ba. Yaro yana da kaka biyu bai rikice ba. Abin da ke dagula shi shi ne manya masu ja-in-ja a kansa, da alƙawarin da ba a cikawa. Inda akwai haɗari, ko kotu ta hana, sai a bi umarnin kotu.

Ba na haihuwa, shi ya sa muka karɓi riƙo. Na ɗauka ciwon zai warke.

Riƙo yana maganin rashin ɗa a gida, amma ba ya maganin rashin haihuwa. Abu biyu ne. Kina iya rungume da 'yarki kina sonta kamar ranki, kina kuma kukan cikin da ya zube ko wanda bai taɓa shiga ba. Akwai ma matsananciyar damuwa da ke kama wasu iyaye bayan karɓar riƙo, mai kama da wadda ke kama masu jego, kuma takan ɓuya saboda kowa na ganin wadda ta samu abin da ta roƙa ba ta da bakin kuka. Idan rashin barci, rashin jin daɗin komai, ko jin ba ki da amfani ya wuce mako biyu, ki ga likita. Ana warkewa.

Ni malami ne. Duk shekara muna sa yara su yi wa iyayensu mata kati. In daina?

Malam, ba sai ka daina ba, gyara kaɗan ya isa. Ka sanar da iyaye tun da wuri. Ka ce wa aji kowa ya yi wa macen da ke kula da shi, kuma wanda yake son yin biyu ko uku ga takarda nan. Ka faɗa wa ajin gaba ɗaya, kada ka nuna yaro guda. Ka guji tambayoyin cike gurbi irin su "na yi kama da mamata a..." ko neman hoton jarirantaka, don akwai yaron da ba shi da ko ɗaya. Wanda ya ce ba zai yi ba, a ba shi wani aiki ba tare da tuhuma ba.

Mu dangi da abokan arziki, me ya kamata mu ce?

Ku ce mata barka, kamar kowace uwa. Abin da ya fi yawan yin ɓarna kalmomi ne da aka faɗa da kyakkyawar niyya. "Ina uwarsa ta gaskiya?" yana mayar da wadda ke tsaye gabanku ta ƙarya. "Wannan yaro ya yi sa'a" yana gaya wa wanda ya rasa gidansu cewa godiya ce kaɗai aka yarda ya ji. "Allah ya ba ki naki" kuwa, idan aka faɗa a gaban yaron, ba ya mantawa da ita har ya tsufa. Kuma labarin yadda ya shigo riƙo nasa ne, kada a tambaya a bainar jama'a, kada a sa a Facebook.

A riƙo na girma, yanzu ni babba ne. Ina son uwar da ta raine ni, amma ina son neman mahaifiyata. Cin amana ne?

A'a. Neman asali ba ya nufin an raina raino. Mutane da yawa sukan jinkirta neman har sai uwar riƙon ta rasu, don gudun ɓata mata rai, sannan su tarar mahaifiyar ma ta tafi. Idan za ka iya, ka gaya mata da bakinka kafin ta ji a wani wuri, ka fara da abin da take tsoron ji: cewa ba barinta za ka yi ba. Wata za ta yi kuka, wata za ta tashi ta ɗauko maka takardun da ta adana shekara talatin tana jiran wannan rana.

Ka shirya wa kowane irin sakamako. Akwai haɗuwar da ke zama zumunci, akwai wadda ke tsayawa a gaisuwa ɗaya, akwai ƙofar da ba a buɗewa. Mata da yawa da suka girma a riƙo sukan ce abin ya fi taso musu ranar da suka haihu, da suka ɗauki jariri suka ga, karon farko a rayuwarsu, mutumin da suka haɗa jini da shi.

Yarinyar da na riƙa shekara biyu ta koma gidansu. Gidan ya yi shiru. Ni yanzu mece ce?

Ke ce wadda ta riƙe ta lokacin da ba mai riƙe ta. Komawarta nasara ce, kuma rashi ne gare ki, ba sai kin zaɓi ɗaya ba. Mutane za su ce ai dama kin san za ta tafi, kamar sanin yana rage zafi. Idan iyayenta da hukuma sun yarda, gaisuwa lokaci zuwa lokaci tana amfanar yarinyar, don ta san mutane ba sa ɓacewa haka kawai. Idan ba su yarda ba, ki ajiye hotunanta da ranakun da ta yi abubuwan farko, haƙorin da ya fita, kalmar da ta fara karantawa. Wata rana tana iya zuwa neman waɗannan shekaru biyu, kuma a wurinki kaɗai suke.

Za mu iya ƙin yin bikin gaba ɗaya?

Ƙwarai. Ba farilla ba ce. Wasu gidajen sukan rage ta zuwa fita shan iska, wasu su matsar da ita zuwa wata ranar da ba hayaniya, wasu su kashe waya su yi zamansu. Tun 2019, lokacin da kamfanin furanni na Bloom & Wild a Ingila ya fara tambayar abokan cinikinsa ko suna so a daina turo musu tallan ranar, kamfanoni da dama sun bi sahu, don haka idan irin saƙon ya zo, ki zaɓi a cire ki.

Ku tambayi yaron abin da yake so, ku kuma sake tambayarsa baɗi, don amsar ɗan shekara takwas ba ita ce ta ɗan sha huɗu ba. Idan ya ce yana son a yi wa mahaifiyarsa addu'a, a yi da sunanta. Idan ya ce a bar zancen bana, a bari.